Kokon da Kiyashi Suka Sha

Bana azumi ya zagayo ya faɗo a tsakiyar bazara, daidai inda ya same mu shekarar da Malam ya dawo daga Kurmi da ciwo. Malam maigidana ne. Sunansa ba ya fita daga bakina, kuma ba yau zan fara ba. Shekaranjiya ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, iska tana busowa kamar daga bakin murhu, sai na hango kiyashi sun ja layi suna shiga ɗakinsa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, da gwiwar nan tawa da sai an lallashe ta. Matar ɗana ta kama dariya, wai Inna lafiya, ai kiyashi ne. Na ce mata na sani, su nake bi.

Ba laifinta ba ne, ba a haife ta ba lokacin. Shekara talatin ke nan da 'yan kai.

Daminar da ta gabaci wannan azumi ta yi mana gardama. Ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, muka yanke zangarniya rabinta ƙaiƙayi. Kafin rani ya raba, in za a ɗebo hatsi sai an shiga rumbu da ƙafa. Mazan ƙauyenmu, nan tsakanin Gagarawa da Gumel, suka watse ci-rani. Malam da bai taɓa wuce Kano ba ya bi wasu abokansa har Kurmi, suna saran katako a bakin wani rafi. Aka bar mu a gida, ni da Iya mahaifiyarsa, da Sale ƙaninsa mai amalanken shanu, da Ladi matar Sale, da 'yata Sa'a da na yaye ba da daɗewa ba.

Ana jibi azumi Sale ya ɗauko shi daga tasha. Da na ga abin da aka sauko da shi daga amalanke, sai na koma ɗaki na toshe baki da zane. Mutumin da ke ɗaukar dami biyu a ka, ga shi riga ta yi masa yawa. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Kai yana sara masa, jiki yana ƙaiƙayi, ga kaluluwa ta fito masa a bayan wuya ƙulu-ƙulu. Muka ce ciwon shawara ne, aka jiƙa saiwa. Muka ce cizon sauro ne, aka sayo ƙwayoyi. Aka yi rubutu ya sha. Ciwo ya ce bai san zancen ba.

Da ƙyar Iya ta tilasta shi aka kai shi asibiti Gumel. Can aka tsira masa allura a kaluluwar aka zuƙo ruwa, aka sake zuƙar wani a gadon baya, muka yi ta zaman jira. Likita ya tambaye shi ko wani ƙuda mai zafin cizo ya dame shi a inda ya yi aiki. Malam ya ce ƙudan tsando ai kamar su cinye mutum da rai. Likita ya ce to shi ne, ciwon barci ya ɗauko. Amma mu gode Allah bai hau kai ba tukuna. Akwai allurar da ke kashe ƙwayar cutar tun tana cikin jini, in aka yi ta kullum ba fashi har a gama. In ko aka yi wasa ta hau kai, mutum zai fara barci da loma a hannu, kuma wannan allurar ba za ta ƙara yi masa amfani ba. Ni dai abin da na riƙe ke nan: a gama allura ya rayu, a fasa na zama uwar marainiya.

Sai da aka aika birni mai nisa aka samo maganin. Sunansa ban riƙe ba sai bayan shekaru, da Sa'a ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita ta ce mini fentamidin ake ce masa, har yanzu ana yin sa, kuma ana ba masu wani irin ciwon huhu da ke kama wanda jikinsa ya yi rauni. Mu a lokacin allurar Malam muke cewa, shi ke nan.

Da yake ba mu da inda za mu zauna a Gumel, aka miƙa maganin ga malamin asibitin da ke ƙaramin ɗakin shan magani na kusa da mu, wani dattijo mai tabarau da faɗa kamar na uwar miji. Ranar farko ya zaunar da mu ni da Malam da Sale, ya ce mu buɗe kunne. Allurar nan tana shanye sukarin da ke jinin mutum, tana kuma saukar da ƙarfin jini. Dole marar lafiya ya cika cikinsa da safe da abu mai zaƙi kafin a yi masa, in an yi kuma ya kwanta ya huta kafin ya tashi. Azumi kuwa babu shi sai an gama. Malam ya gyara zama ya ce shi dai a iya karatunsa, allurar tsoka ba ta karya azumi.

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, ba allurar ce za ta karya maka azumi ba. Azumin ne zai karya ka."

Malam ya ce to. Ni kuwa da na san shi, da na tsaya na auna wannan to ɗin. Mutum ne da tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, kuma kowa a ƙauye ya san haka, shi ma ya san kowa ya sani. Amma ina murnar an samo magani, ban auna komai ba.

Sukari a shekarar nan sai wane da wane. Sale ya ja akuyata guda ɗaya tilo zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya dawo da kwalin sukari mai ƙwaya irin wanda ke shigowa daga ƙetaren iyaka, da curin mazarƙwaila, da ɗan gero. Iya ta kwance nata da ta ɓoye a tasa don buɗa-baki ta haɗa. Ladi ma ta kawo nata, ga ta da ƙaramin ciki. Daga ranar duk gidan muka koma shan kunun tsamiya ba sukari, mai tsami har cikin kunne. Sa'a ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ture kofi, na ce ki sha, na Babanki ne ya fi.

Ga yadda yininmu yake. Ana idar da sallar asuba ni da Ladi mu ɗauki tulu mu tafi rijiya, don ruwa ya ja baya, an ƙara wa guga igiya har sau nawa, kuma wanda ya makara sai laka. Mu dawo wuya kamar ya karye. In tace gasarar da na jiƙa, in hura wuta, in dama koko mai kauri, in jefa ƙwayoyin sukari ina jin kamar ƙwayar idona nake jefawa. Ƙamshin ya bugi hancin mai azumi. In ɗauka a kwanon sha in yi sallama a ƙofar ɗakinsa, in durƙusa in ajiye kusa da buzun da yake zama, in ce ga shi, in ja asabari in fita.

In fita, don haka aka tarbiyyantar da mu. Mace ba ta tsayawa a kan mijinta yana cin abinci. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, sai dai in ga kwano ya dawo. Balle ga azumi, ga kunyar babban mutum yana shan koko da rana tsaka, ai sai na ƙara nisa don kada in nauyaya masa. Can in koma in tarar da kwano tas, kamar an suɗe. Har yabonsa nake wajen Iya, ina cewa cin abincinsa ya dawo.

Daga nan Sale ya ɗaura wa shanu amalanke, mu shimfiɗa tabarma, Malam ya hau ni ma in hau. Hanya yashi ce zalla, shanu suna nitsewa suna huci. A yi allura, ya cije baki don tana da zafi, ya kwanta a benci, mu juyo rana ta take. Kullum yakan dawo a galabaice, hannu yana rawa, yana ƙorafin jiri. Na ɗauka ƙarfin magani ne. Da la'asar maza su fita sharar gona da kai taki ko da azumin, mu kuma mu zauna daka, mu tsinke tafasa da busasshiyar rama a yi kwaɗo don a ƙara wa tuwo auki. In an kira magariba ruwan randa shi ne nama.

Cikin kwanakin nan ne na fara ganin kiyashi. Jajaye, ƙanana, layi guda tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin buzunsa. Na share su da safe, da yamma sun dawo. Na zuba toka a bakin ƙofa, suka zagaye. Na ce ko ni ce nake ɗigar da koko a hanya, na riƙa tallafe kwano da hannu biyu. Buzun kuwa ban ɗaga ba, don wurin sallarsa ne da karatunsa, ba na taɓawa.

Ranar da abin ya faru an kusa raba allurar biyu. Zafin ranar ya fi na kullum, sama fari fat, ko tsuntsu ba ya motsi. Mun baro ɗakin shan magani da nisa, ƙauye kuma bai bayyana ba, sai na ga gumi yana karyo masa. Na taɓa goshinsa na ji sanyi ƙalau, a wannan rana da yashi ke ƙona tafin ƙafa. Ya fara magana ba kai, yana kiran sunan abokansa na Kurmi. Kafin in ce Sale tsaya, ya sulale ya faɗo a cinyata, ido ya juye.

Sale ya karkatar da shanu gindin wani gawo, shi kaɗai ne mai ganye a duk filin. Na jawo buta, ashe mun ƙarar da ruwan a kansa tun a hanyar zuwa, mu kuma masu azumi wa zai tuna da guzurin ruwa. Sale ya ce a juya, na ce kafin shanun nan su kai mu sai dai mu kai gawa. Nan maganar dattijon ta faɗo mini, da ya ce in Malam ya yi haka a ba shi zaƙi maza-maza. Na kwance bakin mayafina, akwai guntun mazarƙwaila da nake ɗaurewa kullum. Na kai bakinsa. Ya datse haƙora gam, ya kau da kai, da ɗan sauran hankalin da ya rage masa ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ina azumi."

Wayyo ni. A take kiyashin nan suka faɗo mini a rai, da kwanon da ke dawowa tas, da rawar hannun nan ta kullum. Tsoro da haushi suka haɗu mini, ban san wanda ya fi ba. Daga nan bai ƙara magana ba, jikinsa ya saki.

Mazarƙwailar ta bushe kamar dutse, ba ruwan jiƙa ta. Na dube ta, na dubi Sale, na jefa ta a bakina. Bakin mai azumi a bazara ba yawu, na yi ta gurgura har na ji haƙorina ya yi ƙara. Da ta fara narkewa, maƙogwarona bai yi shawara da ni ba, na ji zaƙi ya wuce. Na ce ya wuce ɗin. Sale ya matse masa muƙamuƙi, ni kuma ina lakato abin da na tauna da yatsa ina shafa masa a cikin kumatu da dasashi, in sake taunawa in sake shafawa. Sale, mutumin da kullum yake tsokanata da wasan ƙanin miji, yana ta salati hawaye na bin gemunsa. Shanu suna kaɗa ƙuda da wutsiya. Ni kuwa ina faɗa wa Malam maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, har da cewa in ya mutu ya bar ni da yarinya a wannan yunwa ba zan yafe ba.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga maƙoshinsa ya motsa. Can ya sake motsawa. Gumin ya fara tsanewa, ya buɗe ido ya dubi ganyen gawo, ya dube ni, ya tanɗe baki.

"Kin karya mini azumi," in ji shi.

Na ce, "Na karya. Nawa ma na karya. Ka kai ƙarata duk inda ka ga dama."

Sale ya fashe da dariya yana kuka, ya zauna daɓas a yashi. Sauran mazarƙwailar na danƙa wa Malam a hannu, na tsare shi da ido har ya tsotse ta tas. Wannan ne karo na farko a aurenmu da na ga yana cin abu.

Muna isa gida ko mayafi ban cire ba na shige ɗakinsa na yaye buzun. Ramin ɓera ne a gindin bango, bakinsa ya yi danƙo, kiyashi sun yi cincirindo a kai. Nan yake tuttule kokon kullum ya mayar da buzu. Sukarin akuyata, da na Iya, da na Ladi mai ciki, da wanda Sa'a ta yi wa kuka. Na kira Iya na nuna mata. Tsohuwar nan ta dubi ramin. Ta juya ta wanke ɗanta tas, kamar yaron da ya fasa tulu, shi kuwa kansa a ƙasa. Ya ce shi kunya yake ji a ce ya sha azumi, kuma ya ga yana tashi sahur yana ci, ya zaci zai ishe shi. Iya ta ce kunyar wa, ta kiyashi?

Washegari dattijon asibiti ya ji labari, ya cire tabarau ya ajiye, ya ce ba zai ƙara tsira masa allura ba sai an kawo shaidar ya ci. Liman ma da kansa ya zo dubiya, ya faɗa masa a hankali cewa Wanda ya wajabta azumin Shi ya ɗauke wa marar lafiya, in ya warke ya rama. Amma hukuncin da ya yi aiki na Iya ne. Da safe na kai koko na durƙusa zan fita, sai na ji muryarta daga bayan asabari.

"Koma ki zauna. Kada ki tashi sai kin ga gindin kwano."

Na koma na zauna. Kunya kamar ƙasa ta tsage, ni da shi duka. Ya juya mini baya, na ce a'a, juyo. Ya juyo yana harara, ya kafa kai ya sha, ina kallon maƙoshinsa yana hawa yana sauka, cikina na ƙugi. Haka muka yi kullum har aka kai allurar ƙarshe. Jirin nan bai sake kayar da shi ba. Kaluluwa ta sace, zazzaɓi ya tafi bai dawo ba. An yi ta mayar da shi Gumel ana duba jini da ruwan baya lokaci bayan lokaci, kullum a ce ba a ga komai ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka, bayan salla da 'yan makonni, ƙamshin ƙasa ya cika gari, na leƙa na gan shi ya saɓa sungumi yana bin bayan Sale. Tafiyar ba ƙarfi, amma da ƙafarsa. Na tsaya a bakin zaure ruwa na dukana, na yi ajiyar zuciyar da na riƙe tun ranar da aka sauko da shi daga amalanke. Da sanyi ya shigo ya rama azuminsa, ni ma na rama nawa guda ɗaya tare da shi. Har yau in muka yi saɓani yakan ce, ke da kika sha azumi da mazarƙwaila a gindin gawo. In ce da ban sha ba da wa za ka yi wa gori.

Yanzu akwai famfo a ƙofar gida, akwai ƙanƙara a leda, babur ya kai mutum Gumel kafin koko ya huce. Malam ya tsufa, kuma abin dariya, ciwon sukari ne ya kama shi. Sa'a ta ce wataƙila allurar can ta bar masa ɗan tabo, wataƙila kuma tsufa ne kawai. Ta hana shi azumi, sai ciyarwa, ta hana shi zaƙi. Ni da na yi ta ɗura masa sukari, yau ni ke ɓoye shi a ƙasan adaka. Zaman nan kuwa ban daina ba. Duk safiya in kai masa kokonsa in zauna sai na ga gindin kwano, surukaina suna ƙus-ƙus wai Inna da Baba soyayya. Ba su san gadi nake ba.

To shekaranjiya na bi kiyashin nan har cikin ɗaki, gabana na faɗuwa kamar wancan karo. Yana zaune yana jan carbi. Na ce ɗaga. Ya ɗaga ba musu, na yaye buzun. Siminti ne yanzu, ba rami, ba danshi. Layin ya wuce buzun ya hau bango, ya shige aljihun rigarsa da ke rataye. Na zura hannu na zaro dabino uku, ɗaya an gatsa.

Ya dube ni, ya dubi dabinon, ya ce jikoki ya ajiye wa.

Na ce to. Na zauna a bakin gado na yi ta dariya har hawaye suka zubo, shi yana ta tambayata mene ne abin dariya. Ni dai na ƙulle dabinon a bakin mayafina, na je na dama masa koko, ba sukari.